Yadda za ka gane ko gem ɗin kati yana maka maguɗi wajen haɗa ka da abokin karawa

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a teburin mai shayinmu na Unguwar Sanusi, an ɗauke wuta tun la'asar kowa ya karɓo wayarsa daga wurin mai caji, sai ɗan kawuna da ke karatu a Poli ya doka wayarsa a kan benci har shayin na kusa da shi ya fantsalo. Wasa shida a jere aka cinye shi a gem ɗin katin da yake bugawa a waya. Ya juyo ya ce min, "Yaya wallahi da gangan mutanen nan suke yi, tunda na ƙi sayen fak ɗin sabbin katunan da suka tallata min shekaranjiya suke ta haɗa ni da masu katin kuɗi, kuma duk dek ɗin da na ɗauko sai a kawo min mai maganinsa." Ban yi masa dariya ba, don na san zafin abin, ka ɓata dare biyu kana gyara dek, wato jerin katunan da kake shiga wasa da su, kana cire wannan kana saka wancan sannan a zo a tattake ka sau shida kamar ba ka taɓa riƙe waya ba. Abin da na ce masa kawai shi ne gobe ya tsaya a shago ya sayi ƙaramin littafin rubutu da biro, ni kuma zan nuna masa yadda ake bin sawun maganar har a ga inda ta kwana. Abin da na nuna masa ne zan zayyano a nan.

Kafin komai ka fara rarrabe kukanka, don yawancinmu in rai ya ɓaci abu uku muke haɗawa mu kira su da suna ɗaya wai maguɗi. Akwai maganar wa aka haɗa ka da shi. Akwai maganar yadda aka cakuɗa katin aka raba maka. Sannan akwai maganar cewa wancan yana da katunan da kai ba ka da su saboda ya kashe kuɗi ko ya riga ka shiga gem ɗin da shekara biyu. Kowanne da hanyar gwada shi, in ka cusa su a buhu ɗaya ba abin da za ka gano sai dai ƙarin ciwon kai.

Mu fara da haɗin, don a nan rigimar ta fi yawa. Kusan duk wasannin nan, Hearthstone ne na Blizzard da ya fito 2014, Magic Arena ne, Marvel Snap ne na 2022, akwai wata lamba a ɓoye da suke auna ƙarfinka da ita, ita ce 'yan gem ke ce wa MMR. Asalin dabarar daga wasan ces, wato darar Turawa, ta fito, wani farfesan kimiyya a Amurka haifaffen Hungary mai suna Arpad Elo ne ya tsara ta, hukumar ces ta Amurka ta fara aiki da ita a 1960, ta duniya kuma ta ɗauka a 1970. Yadda take aiki ba wuya: ka ci wanda lambarsa ta fi taka a ƙara maka da yawa, ka ci na ƙasa da kai a ƙara maka kaɗan, na ƙasa da kai ya cinye ka a zaftare maka da yawa. A lissafin Elo in ka fi mutum da maki 200 ana sa ran ka samu wajen 76 cikin 100 na makin karawarku, in tazarar ta kai 400 sai ya koma wajen 91. Kamfanonin gem ba sa amfani da ita sak yadda take, kowa ya yi mata nasa kwaskwarimar, amma gindin maganar ɗaya ne.

To ga abin da nake so ka zauna ka yi tunani a kai sosai, don shi ne ya fi ruɗa mutane. Aikin wannan tsarin shi ne ya nemo maka daidai kai. In ka ci wasa biyar a jere lambarka ta hau, na shida da za a kawo maka ya fi na farkon nan ƙarfi, na bakwai ya fi na shida, haka za ka yi ta hawa har ka iso wurin da mutanen suke cin ka kamar yadda kake cin su, daga nan sai ka ga sakamakonka yana lilo a kusa da rabi da rabi. Kai a zuciyarka sai ka ce ai sun ga ina ci ne suka turo min dodo, kuma gaskiya ne sun turo maka wanda ya fi ƙarfi, sai dai ba ɓoyayyen abu ba ne, ainihin aikin da aka gina injin ya yi ke nan. Ka duba 'yan dara a majalisa, in baƙo ya zo ya lallasa yara uku ai ba za a sake tura masa yaro ba, tsohon nan da ke gefe yana gyangyaɗi za a taso. Ba wanda zai ce an yi wa baƙon coge. Bambancin kawai a majalisa kana ganin tsohon da idonka kana jin ana cewa a taso Baba, a waya kuwa ba wanda ya gaya maka komai, suna kawai za ka gani da hoton wani dodo.

Wani abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne rankin da kake gani a fuskar waya daban, lambar ɓoye daban. A Hearthstone tun gyaran da aka yi a 2020 akwai matakai daga Bronze zuwa Silver, Gold, Platinum, Diamond sannan Legend, kuma duk farkon wata ana maido da kowa ƙasa a ba shi ƙarin taurarin hawa mataki gwargwadon inda ya kai a baya, amma lambar ɓoyen nan tana nan ba ta goge ba. Shi ya sa za ka iya ganin kana Bronze a ranar 2 ga wata amma wanda kake karawa da shi yana wasa kamar malami, ai shi ma malamin ne aka maido ƙasa kamar yadda aka maido ka. Don haka kar ka yanke hukunci da wasannin kwana ukun farko na wata. Sannan ka lura da daɗewar da kake yi kana jiran a samo maka abokin wasa, yawancin tsarin nan in suka nema ba su samu daidai kai da wuri ba sai su faɗaɗa neman, gara su ba ka wanda ya ɗan fi ka ko ya ɗan gaza ka da su bar ka kana kallon abu yana juyawa, to wasan da ka daɗe kana jira ya fi yiwuwa ya zo a karkace.

Yanzu kar wani ya ɗauka ina wanke kamfanoni ne. A'a, zargin da matasa ke yi yana da tushe, kuma zan faɗi abin da aka sani a fili. A Magic Arena kamfanin Wizards of the Coast da bakinsu suka ce a karawar da wasa ɗaya tak ke raba gardama, injin yana duba hannun farko fiye da ɗaya a ɓoye ya fi karkata ga wanda yawan katin ƙasarsa, wato katin da ke ba ka ƙarfin sauke sauran katunan, ya yi daidai da yadda ka gina dek ɗin, wato rabon farko ba tsantsar sa'a ba ce. Sun kuma yarda cewa a wasu layukan da ba na ranki ba, irin su Brawl, ana duba ƙarfin dek ɗin kansa wajen haɗi. A Marvel Snap masu gem ɗin ba su musa cewa akwai bot ba, wato kwamfuta ce ke wasa da kai da suna irin na mutum, musamman ga sabbin shiga. A Pokémon TCG Pocket da ya fito Oktoban 2024 dokar wasan ce ma ta tabbatar sai ka samu katin farawa aƙalla ɗaya a hannunka na farko. Duk waɗannan hannu ne aka sa a rabo ko a haɗi, wasu don a sauƙaƙa maka ne ma, amma hannu ne dai.

Akwai kuma abu biyu na 2017 da kullum ake ɗagowa in ana wannan musun. A shekarar aka ba kamfanin Activision rajistar mallakar wata dabara da suka nema tun 2015, ta yadda za a haɗa sabon ɗan wasa da gwani mai riƙe da wani kayan saye don ya gani ya yi sha'awa ya saya, misalin da suka bayar ma na gem ɗin harbi ne ba na kati ba, kuma kamfanin ya fito ya ce bincike ne kawai ba su saka shi a wani gem ba. A shekarar dai wasu masu bincike da suka haɗa da ma'aikatan kamfanin gem na EA suka fitar da takarda suna nuna cewa haɗa mutum da daidai shi ba lallai ne ya zama abin da ya fi riƙe shi a gem ba, ana iya jera masa ci da faɗuwa ta yadda ba zai gaji ya tafi ba. Ka ga ke nan dabarar tana nan a rubuce, an san yadda ake yi. Amma a ce an iya abu daban, a ce an yi maka shi a gem ɗinka daren jiya daban. Ni ra'ayina kamfanin da ya ɓoye maka lambarka ya kuma ƙi bayyana yadda yake haɗi shi ya jawo wa kansa zargi, kuma ɗan wasa yana da haƙƙin ya tambaya. Sai dai tambayar da ake yi da littafi a hannu ta fi wadda ake yi da ihu nauyi.

To ga yadda ake littafin. Ka ɗauki shafin farko ka rubuta zarginka da kalmomi ƙarara tun kafin ka buga wasa ko ɗaya, ka sa kwanan wata. Kar ka rubuta wai gem ɗin nan maguɗi ne, wannan ba ya gwaduwa. Ka rubuta abu kamar "in na ɗauki dek ɗina mai sauri an fi haɗa ni da masu dek ɗin tsaro", ko "bayan na ci uku a jere na huɗu kullum faɗuwa nake", ko "an fi sa ni in zama na biyu a wasa". Dalilin rubutawa tun farko shi ne zuciya tana da wayo, in ka bari sai ka tara wasannin sannan ka shiga neman abin da bai yi daidai ba dole ka samo wani abu, kamar mai kallon gajimare ne, in ya daɗe yana kallo sai ya ga raƙumi.

Daga shafi na biyu ka ja layuka da rula. Lambar wasa, lokaci, dek ɗin da ka ɗauka, dek ɗin abokin karawa, wa ya fara, ci ko faɗuwa, sai wani fili ɗan ƙarami a ƙarshe na abin da ya faru, a nan za ka rubuta netwok ya yanke, ko na yi kuskure a zagaye na huɗu, ko katin da nake jira bai zo ba. Sharaɗin da ba a karyawa shi ne kowane wasa sai ya shiga, wanda ka ci cikin minti biyu don wancan ya gudu, da wanda aka wulaƙanta ka, duka. Mafi yawan masu cewa suna da hujja sikirinshot ɗin wasannin da suka ɓata musu rai kawai suka tara, ranar da aka haɗa su da wanda suka taka cikin sauƙi ba sa ɗauka don a ganinsu wannan iyawarsu ce. In kana wasa a kwamfuta akwai manhajoji masu yi maka wannan aikin, irin Hearthstone Deck Tracker ko Untapped, masu diraf a Arena, wato salon da ake zaɓar kati ɗaya-ɗaya daga fak a gina dek nan take, kuma suna da 17Lands, amma mu da yawancinmu a waya muke bugawa biro ya wadatar, kuma ni na fi son biron don yana sa ka tsaya na daƙiƙa talatin ka huce kafin ka danna wasa na gaba.

Zargin nan na cewa suna kallon dek ɗinka su kawo mai maganinsa, wanda 'yan Clash Royale suka fi kowa yi, akwai gwaji mai kyau da za ka yi masa. Ka shirya dek biyu da suka sha bamban sosai kuma ka iya su duka. Ka samo dayis ɗin ludo ka ajiye kusa da kai. Kafin kowane wasa ka jefa, in 1 ko 3 ko 5 ya fito ka ɗauki dek na farko, in 2 ko 4 ko 6 ka ɗauki na biyu, kar ka zaɓa da ranka ko sau ɗaya. Amfanin dayis ɗin shi ne ya cire son ranka da lokacin wasa daga lissafin, don in ka buga dek ɗaya da rana ɗaya da dare, ko ɗaya wannan satin ɗaya wancan satin, mutanen da ke kan layi sun canza, yayin dek ma ya canza, ba za ka san me ya kawo bambancin ba. Bayan ka tara wasanni sai ka ƙirga, a dek na farko sau nawa ka haɗu da wancan mugun dek ɗin da kake tsoro, a na biyu sau nawa. In injin yana leƙen dek ɗinka ne zai fito a nan, za ka ga gefe ɗaya ya cika gefe ɗaya fayau. In kuma kusan ɗaya ne, to dek ɗin nan yayinsa ake yi kawai, kowa shi yake ɗauka.

Wasa nawa ya isa? Nan ne mutane ke gajiya. Wasa 20 ba komai ba ne, ko kwabo ka jefa sau 20 samun 6 ko 14 abu ne da ke faruwa ba tare da wani ya taɓa kwabon ba. A wasa 100, in da gaske ƙarfinka rabi da rabi ne, duk abin da ya faɗo tsakanin ci 40 da 60 yana cikin abin da sa'a kaɗai ke iya kawowa. Sai ka kai wajen 400 tazarar ke matsewa ta koma tsakanin 45 da 55 cikin ɗari. Haka ma maganar dek, a ce dek ɗin da kake tsoro mutum ɗaya cikin biyar ne ke ɗaukarsa, a wasa 100 kana sa ran ka gan shi sau 20, amma ko 12 ka gani ko 28 bai fita daga da'ira ba. In ka gan shi sau 40 da dek ɗaya sannan sau 10 da ɗayan, to wannan kam magana ce, ka ɗauki hoton shafin ka nuna wa duniya.

Sai maganar faɗuwa a jere da ta sa ɗan kawuna doka waya. Ka riƙe wannan lissafin da kyau don zai kwantar maka da rai. Mutumin da ke cin rabin wasanninsa, in ya buga 100, yiwuwar a cinye shi sau biyar a jere aƙalla sau ɗaya ta kai wajen 81 cikin 100. Sau shida a jere ta ɗan haura rabi. Sau bakwai a jere kusan ɗaya cikin uku. Wato in ku uku ne a benci kowa ya buga ɗari, akwai kyakkyawan zaton ɗayanku zai sha bakwai a jere ba tare da kowa ya yi masa komai ba. Kuma daidai wannan lissafin ne yake ba ka cin shida a jere, sai dai ranar ba ka neman wanda za ka zarga.

Rabon kati ma ana lissafa shi, ba sai an yi ta rantse-rantse ba. A Yu-Gi-Oh! Master Duel na Konami dek mafi ƙanƙanta kati 40 ne, hannun farko kati 5. In ka saka kwafi uku na katin da kake so, yiwuwar ya zo maka a hannun farko wajen 34 cikin 100 ce kacal, wato sau biyu cikin uku ba za ka gan shi ba. Amma in abokin karawarka ya zuba katunan tare hanya, wato masu katse maka wasa daga hannunsa, guda tara a nasa, irin su Ash Blossom da 'yan uwansa, yiwuwar yana riƙe da aƙalla ɗaya ta kai wajen 74 cikin 100. To ka ga dalilin da ya sa kake jin kamar kullum yana da amsa kai kuma kullum naka ya maƙale, kai kati ɗaya kake jira shi kuma kowanne cikin tara ya zo ya biya masa. A Magic mai kati 60 da katin ƙasa 24, hannun farko na kati 7 zai zo da ƙasa ɗaya ko babu sam kusan sau ɗaya cikin bakwai in an raba tsakani da Allah. A Marvel Snap dek kati 12 ne, a wasan da ya tafi yadda aka saba kati 9 za ka gani zuwa zagaye na shida, ke nan sau ɗaya cikin huɗu babban katin da ka ɗora duk shirinka a kansa ba zai zo ba sam. Ka rubuta lambar da ta shafi gem ɗinka a bangon littafin, duk sanda ka ji an cuce ka ka duba ta tukuna.

Maganar wa ya fara kuwa ita ce mafi sauƙin gwadawa, ƙirga kawai za ka yi. Ka dai san cewa wasu gem ɗin suna biyan na biyu diyya, a Hearthstone ana ƙara masa kati ɗaya da wani katin kwabo mai ba shi ƙarin ƙarfi sau ɗaya, a Master Duel kuma wanda ya ci jefa kwabo shi ke zaɓa.

Yanzu ga filin ƙarshen nan da na ce ka bari, wanda a nawa littafin shi ya fi koya min abu. Lokacin da na yi wannan aikin na shiga ne da zargin haɗi, amma da na zauna ina karanta abin da na rubuta da hannuna sai na ga faɗuwata ta taru a wuri biyu. Na farko wasannin da na buga bayan sha ɗayan dare ina kwance ido na lumshewa, da waɗanda na danna nan take bayan an ci ni ina huci. Na biyu netwok. Mu a Kaduna wannan ba ƙaramin abu ba ne, kana cikin Keke daga Kawo zuwa Kasuwar Barci waya tana tsalle daga wannan eriya zuwa waccan, ko hadari ya haɗo da damina sabis ya yi ƙasa, igiyar lokaci tana ci kai kuma ka danna kati ya ƙi sauka, kafin ya dawo zagayenka ya wuce. Gem ɗin bai san kana Rigasa ba ne ko kana Jamus, faɗuwa kawai zai rubuta maka ya rage lambarka. Don haka wasan ranki ka bar shi sai kana zaune wuri ɗaya, caji ya haura rabi, ka rufe abubuwan da ke jan data a baya, in kana da layi biyu ka san wanda ya fi ƙarfi a unguwarku a wannan lokacin. In aka ci ka biyu a jere ka ajiye wayar ka tashi ka sha ruwa ka zaga, in lokacin salla ne ma ka samu dalili mai kyau. Kuma in za ka yi lissafin ƙarshe ka ware wasannin da netwok ya kashe gefe guda, kar ka ɗora wa injin haɗi laifinsu.

Saura zargin kuɗi, cewa in ka saya sai a sauƙaƙa maka in ka ƙi a matsa maka. Ina roƙonka kar ka kashe kuɗin makaranta ko na cefane wai don ka gwada wannan. In da ma ka yi niyyar sayen wani abu, to ka tabbatar kana da wasa hamsin a littafi kafin sayen, ka ci gaba da wasu hamsin bayansa da tsohon dek ɗinka ba tare da ka saka sabon katin ba, don in ka saka shi kuma ka fara ci ai katin ne ya yi aiki ba haɗi ba. Wasa hamsin da hamsin babban bambanci kaɗai zai iya nunawa, ƙarami ba zai fito ba, in ku biyar ne kuka yi tare kuka haɗa shafukanku ya fi. Amma ni a ganina rashin adalcin da ya fi girma a waɗannan wasannin ba a ɓoye yake ba ma, a fili yake. Farashin fak da dala ake yanka shi, abin da yaro a Amurka zai saya da kuɗin abincin rana ɗaya kai a nan sai ka yi lissafin albashi, kuma a gem irin Clash Royale inda katin kansa yake da lebul, wanda ya ɗaga nasa ya fi ka ƙarfi tun kafin a fara ko da iyawarku ɗaya. Kafin ka buɗe kowane fak ka nemi shafin da ke nuna kason fitowar kati, Apple tun 2017 da Google Play tun 2019 sun wajabta wa masu gem su bayyana shi, yawanci yana maƙale a wani ɗan maɓalli a shagon gem ɗin. In ka karanta ka ga katin da kake hari sai an yi dace mai nisa, ka tambayi kanka ko abin bai fara kama da caca ba, wannan kowa ya san matsayinta a wurinmu. Mai wasa kyauta hanyarsa ita ce ya tara abin da gem ke bayarwa kullum, a Pocket misali fak biyu ake buɗewa kyauta a rana, ya gina dek ɗaya mai arha ya iya shi ciki da bai maimakon ya warwatsa ƙarfinsa a dek biyar da ba wanda ya cika.

In ka kammala ɗarinka sai ka koma shafin farko ka karanta zargin da ka rubuta, ka amsa shi da lamba, shi kaɗai, kar ka canza tambaya a tsakiya. In ya faɗo cikin da'irar sa'a ka ja layi a ƙarƙashinsa ka koma filin kurakurai ka ga wanne ne ya fi maimaituwa, shi za ka gyara a satin gaba. In kuma ya fita da nisa kar ka yi saurin shela, ka sake wani ɗarin, ka sa abokai biyu su yi irinsa da nasu asusun, in duka ya nuna abu ɗaya to ku rubuta wa masu gem ɗin da hotunan shafukan da kwanan wata da lambobin asusunku, ku kuma baza a guruf ɗinku na WhatsApp don wasu su gwada. In ba su ba da amsa mai gamsarwa ba, gem ɗin kati ba ɗaya ba ne a duniya, ka kwashe lokacinka da datarka ka kai wani.

Ɗan kawuna dai ya sayi littafin, jiya da daddare na same shi a teburin mai shayin da dayis a cikin murfin kwalba yana jefawa kafin kowane wasa, mai shayi har yana tambaya ko sabon salon ludo ne. Na karɓa na duba, ya cika shafi uku, filin ƙarshe duk ya rubuce shi da ƙananan haruffa har yana fita gefe. Na ce to me ka gani, ya ce "Yaya bari tukuna, ban kai ɗari ba," ya miƙo hannu ya karɓi bironsa.